Masallaci Da Makaranta, Harsashinsu Ɗaya

Jawabin da aka karanta a madadin Kwamitin Gini, ranar aza harsashin sabon masallaci a Maƙera



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raya mu, Ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Iyayenmu sarakuna, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku. Dattawan gari, da attajirai, da ma'aikata, da iyayenmu mata, da samari, da 'yan makaranta, da baƙinmu waɗanda suka taso daga Dutsin-Ma da Kurfi da Katsina da sauran wurare, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma gode muku saboda amsa kiran da kuka yi.

Bayan haka, duk wanda ya buɗe tsakiyar wannan ɗan littafi zai ga taswirar filin da muke zaune a kansa yanzu. Zai lura da abubuwa biyu. Na farko, masallacin bai cinye filin duka ba, an bar sashe mai faɗi inda aka zana azuzuwan makarantar sakandare ta je-ka-ka-dawo. Na biyu, hasumiyar da aka zana gajera ce, ba ta kai yadda waɗansunmu suka yi buri ba. Tun da aka fito da zanen nan mutane suke tare mu a hanya da kasuwa suna tambaya, ina ruwan masallaci da makarantar boko, kuma don me za a rage ƙawar ɗakin Allah? Tambaya ce ta gaskiya, waɗanda suka yi ta kuwa su ne suka ba da dukiyarsu, saboda haka suna da haƙƙi a kanmu mu ba su amsa a bainar jama'a. Abin da ya tsai da mu a gabanku ke nan.

ASALIN AL'AMARI

Sa'ad da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi hijira zuwa Madina cikin shekarar 622 ta Miladiyya, aikin da aka fara shi ne ginin masallaci. Da tubalin ƙasa aka ta da bangonsa, kututturen dabino ne ginshiƙansa, ganyen dabino ne rufinsa. A can ƙarshen masallacin aka yi wata rumfa da ake kira Suffa, inda sahabbai marasa gida suke kwana suna ɗaukar karatu. Daga cikinsu akwai Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, wanda har yau ba a buɗe littafin hadisi a rasa sunansa. Haka nan bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunan da ya iya rubutu kuma ba shi da abin fansa, sai aka ce ya koya wa yara goma na Madina rubutu, a sake shi. Watau tun daga tushe, inda aka aza tubalin salla nan aka aza na karatu.

Mu Katsinawa ba mu bukatar zuwa nesa neman shaida. Hasumiyar Gobarau, wadda masana tarihi ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tana nan tsaye a birnin Katsina, tsawonta wajen ƙafa 50, kuma da ƙasa aka gina ta. Abin da ya kai sunanta nesa shi ne karatun da aka yi a gindinta, har Katsina ta zama garin da ɗalibai ke nufa daga ƙasashe. A wannan gari ne aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani cikin ƙarni na 17. Da zamani ya juya, a nan ne kuma aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta cikin 1922. A azuzuwanta na ƙasa da azara Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna suka yi karatu. Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna cikin 1938, daga baya ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau, amma ginin nata yana nan, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Ya haura shekara ɗari.

A nan kusa da mu kuwa, ga Kwalejin Ilmi da aka sa wa sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Jihar Arewa zamanin Sardauna, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma cikin 2011. Ƙofofin nan biyu suna bakin gidanmu, amma ba mai shiga su sai wanda ya gama sakandare da sakamako mai kyau. In ba mu tanadi wurin da 'ya'yanmu za su yi wannan karatu ba, to, za mu zama kamar mai gona a bakin rafi wanda ke sayen kayan miya a kasuwa.

ABIN DA IDO YA GANI

Ba kowane gini ne makaranta ba, ko da an rubuta sunanta a jikin bango. Dattawanmu suna tune da watan Satumba na 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. Niyya ce mai kyau, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan albarkacinsa suka ci. Amma yara sun yi tururuwa fiye da yadda aka zata, sai aka shiga gina azuzuwa cikin gaggawa, galibi da fasali iri ɗaya, ba a duba inda rana ke fitowa ba balle inda hadari ke tasowa. Wannan fasali ya zauna mana har yau a ƙauyuka da yawa: bulo wanda siminti bai ishe shi ba, kwano ƙasa-ƙasa ba silin, tagogi ƙanana, daɓe dab da ƙasa.

Kowa ya san ƙarshen irin wannan gini. Cikin watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40 a inuwa, tun kafin azahar ajin ya zama tanderu, yara na gyangyaɗi, malami na fifita da littafi. Da damina ƙarar ruwa a kan kwano ta hana a ji abin da malami ke faɗi. Iskar farkon damina kuwa takan ɗauke rufin ɗungum ta jefar a gonar wani, sai a koma gindin itace. Iyaye su ce yara ba su da ƙwaƙwalwa, gwamnati ta ce malamai ba su aiki, alhali kuwa wani kaso na laifin yana wuyan ɗakin da aka zuba su ciki. Saboda haka Kwamiti ya yanke shawara ba za a haƙa ko taku ɗaya ba sai an zauna da masana zanen gini, da maginanmu na gargajiya, da malaman makaranta, an auna kome a takarda. Gyara a takarda fensir kaɗai yake ci, gyara a bango kuwa siminti yake ci.

RANA DA ISKA

Abu na farko da aka duba shi ne fuskar gini. Za ku ga an shimfiɗa azuzuwan tsawonsu daga gabas zuwa yamma, tagoginsu suna duban kudu da arewa. Dalili kuwa shi ne, ranar hantsi da ta la'asar sakaliya suna zuwa a kwance, su shiga taga kai tsaye, ba wata rumfar da za ta tare su. Ranar tsaka kuwa daga sama take, ɗan leɓen rufi ya isa ya kare ta. Daɗin daɗawa, kowane manomi ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa. In gajeren bango ne ya dubi gabas, kuma ba taga a jikinsa, to, an yi maganin rana da ruwa a lokaci guda.

A inda Allah Ya ajiye mu, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana takan bi ta arewa da mu, sauran shekara kuwa ta kudu take bi. Don haka aka yi baranda mai faɗin ƙafa 7 a kudu, aka kuma fito da leɓen rufi ƙafa 3 a arewa. Kowane aji zai yi ƙafa 30 a tsawo, 24 a faɗi, 12 a tsaye, don ɗalibai 40, wanda shi ne adadin da manufar ilmi ta ƙasa ta tsara wa ajin sakandare. Tagogi za su yi daura da juna domin iska ta ratsa, kuma faɗinsu duka ya kai kashi ɗaya cikin biyar na daɓen ɗakin, yadda yaron da ke bencin baya zai ga allo ba sai an kunna fitila ba. Za a yi su da ƙarfe masu marfi, a rufe na arewa da hunturu saboda ƙura da sanyi. Gari mai suna Maƙera kuwa bai kamata ya sayo taga daga wani gari ba. Maƙeranmu da masu waldarmu za su yi su.

Shi masallaci nasa hukuncin dabam ne, domin alƙibla ce ke juya shi. Daga nan ƙasarmu alƙibla tana gabas, ta karkata arewa da wajen digiri 20. An auna ta da na'ura a gaban malamai kafin a kafa turaku. Da yake ana so sahun farko ya yi tsawo, dogon bangon masallaci ne zai dubi gabas, saboda haka aka ƙara masa kauri, aka rage masa tagogi. Wannan karkata da ke tsakanin masallaci da azuzuwa ita ta ba mu farfajiyar da kuke gani a tsakiyar taswira. Ranar Jumma'a ta ɗauki sahun da ya yi yawa, sauran ranaku kuma ɗalibai su yi taron safe a cikinta.

ƘASA, HARSASHI DA RUFI

Abu na biyu shi ne kayan gini, kuma a nan ne aka fi ja-in-ja. Mun zaɓi bulon jan ƙasa wanda ake matsawa da injin hannu. Yadda ake yinsa shi ne, a tankaɗe ƙasa, a zuba siminti awo ɗaya cikin ƙasa awo goma sha biyar zuwa ashirin, a ɗan yayyafa ruwa, a matse, sa'an nan a rufe shi a inuwa ana ba shi ruwa har wajen mako huɗu. Kafin a fara, akan gwada ƙasar a cikin kwalba: a zuba ƙasa da ruwa, a girgiza, a bari ta kwanta, sai yashi ya zauna a ƙasa, laka a sama, a ga yawan kowanne. Baƙar ƙasar fadama mai tsagewa da rani ba ta yin wannan aiki. Bango mai kauri na ƙasa yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai da dare, lokacin da yara sun riga sun tashi. Duk wanda ya taɓa yin ƙailula a soron kakansa ya san wannan ba sai an faɗa masa ba.

Waɗansu sun ce ginin ƙasa ci baya ne, mutane za su yi mana dariya. Muna roƙonsu su dubi Masallacin Jumma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, wanda masana daga ƙasashen duniya suka yi ta zuwa kallon bakansa da tulluwarsa. Maginanmu sun san azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, sun san makuba ta ɓawon ɗorawa, sun san laso na katsi da gashin jima da dafara. Abin da ginin ƙasa yake tsoro biyu ne kurum, ruwan da ke zubo masa daga sama da wanda ke tasowa daga ƙasa. Saboda haka harsashi na dutse da kankare za a yi, a ta da daɓe ƙafa biyu daga ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri don hana damshi, a zuba maganin gara. A saman bango za a zagaya da linta mai rodi, a ɗaure kowane ƙarfen rufi a jikinta, ba ƙusa kaɗai za a dogara da ita ba.

Rufin kuwa hawa biyu ne. Akwai silin a ƙasa, sa'an nan kwano a sama, an ɗaga shi an bar sarari a tsakani inda iska ke wucewa ta kwashe zafi. Wannan dabara an gwada ta an ga amfaninta. A wani ƙauye da ake kira Gando a ƙasar Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré, da ya je karatu Jamus, ya tara gudummawa ya komo ya gina wa mutanensa makarantar firamare mai aji uku, aka gama cikin 2001. Da bulon ƙasa aka yi ta, da rufin kwano ɗagagge, mutanen ƙauye maza da mata su ne leburorinta. Ginin ya sami kyautar Aga Khan cikin 2004, shi kuma Kéré cikin 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya.

Akwai misalin da ya fi wannan kusa da mu, domin na Hausawa 'yan'uwanmu ne. A jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar an yi wani gwanin magini, Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama da ƙasa cikin 1962, masallacin ya sami kyautar Aga Khan cikin 1986. Shi ne kuma ya gina tsohon masallacin garin Dandaji. Da wannan masallaci ya tsufa ya yi wa jama'a kaɗan, sai Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka zana sabo da bulon ƙasa, mai ɗaukar mutum wajen dubu, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama cikin 2018, aka sa wa wurin suna Hikima. Yaro ya fito daga salla ya shiga ɗakin littattafai ba tare da ya bar harabar ba. Abin da muke nufin yi a nan ke nan.

RUWA DA KEWAYE

Allah Ya sa muna maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa cikin 1983. Ni'ima ce ga masunta da masu noman rani. Amma ruwan da ke kwance yana tafe da sauro da tsargiya, ba shi ne za mu shayar da ɗalibai ba. An tsara rijiyar burtsatse guda, da famfo mai aiki da hasken rana, da tanki a sama, wanda zai ba wurin alwala da makaranta gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna amfanin haɗa gine-ginen biyu, domin da a rabe suke da sai an haƙa biyu. Ruwan alwala kuma ba zai kwanta ya zama kwata ba, za a ja shi ta magudana zuwa gindin itatuwa. Za a dasa bedi da maɗaci da tsamiya a gabas da yamma tun bana, kafin gini ya tashi, domin itace ba ya jin gaggawar mai shi.

Haka nan za a tari ruwan sama. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ke nan. Rufin jerin aji uku da barandarsa ya kai murabba'in mita 300. Ko da a ce ruwan shekara bai wuce milimita 700 ba, lita 210,000 ce ke zuba a kansa, watau sama da duro dubu. A halin yanzu irin wannan ruwa gindin bango yake ci. In aka sa masa indararo da tanki, ya zama na wanke hannu da ban-ruwan lambu.

Kewaye kuwa an ajiye shi a gangare, nesa da rijiya da mita 30 ko fiye, don kada ƙazanta ta gangara cikin ruwan sha. Kowane rami za a sa masa bututun iska mai raga a baki, wanda ke fitar da wari, ya kuma tsare ƙuda. An juya shi yadda mai shiga ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba. Ko da yake malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa wannan a cikin gini, tun da a takarda muke, kiyayewa ba ta ci mana kome ba.

'YA'YA MATA

Ya ku iyaye, a nan muna so ku ba mu hankalinku. Yarinya in ta fara girma, abu kaɗan ke raba ta da makaranta. In ba kewayen da za ta shiga ta rufe ƙofa, in ba ruwan da za ta yi tsarki, in sai ta yi doguwar tafiya a daji kafin ta kai aji, to, za ta fara fashin kwana uku, ya zama mako, daga nan sai a ji ta daina. Ba ita ta ƙi karatu ba, wurin ne bai karɓe ta ba. Saboda haka aka ware wa mata kewayensu a wani ɓangare dabam, da katanga da famfo a ciki, aka yi musu ɗakin hutawa kusa da ofishin malamai mata, aka kuma buɗe musu ƙofa zuwa sashen mata na masallaci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karantar da matansa da 'ya'yansa mata, har 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru masu kai ilmi ga matan karkara. Mu kuwa yau in matarmu za ta haihu muna neman likita mace da unguwarzoma ta asibiti. To, daga wane aji za su fito in ba mu gina shi ba?

TSARO

Akwai abin da kakanninmu ba su sa cikin lissafin makaranta ba, mu kuwa ya zame mana tilas. Ba wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, iyaye suka kwana shida ba barci kafin Allah Ya komo da su. Tsari na Allah ne, amma an hore mu da ɗaure raƙumi. Don haka muka ƙi shawarar kai makarantar bayan gari inda fili ke da araha, muka tsai da ita cikin mutane, kuma ta je-ka-ka-dawo, kowane yaro ya kwana gidan ubansa. Za a kewaye ta da katanga, da babbar ƙofa guda mai zaure inda mai gadi ke zama, da wata ƙaramar ƙofa ta baya wadda ke ɓullewa cikin unguwa, ba a buɗe ta sai bukata ta taso. Ƙofofin azuzuwa waje za su riƙa buɗewa, don kada yara su danne juna in an firgita. Za a sa fitilu masu aiki da hasken rana. Sa'an nan ga masallaci, wanda sau biyar a yini dattawa ke taruwa a cikinsa. Makarantar da ke gefen masallaci ba ta rasa ido a kanta.

KUƊI DA AMANA

Yanzu sai batun da ya fi damun masu bayarwa. Muna shaida muku a gaban Allah da gaban malamai cewa kwabo ɗaya da aka bayar da sunan masallaci ba zai shiga ginin makaranta ba. Sharaɗin mai waƙafi abin kiyayewa ne a shari'a. Asusu biyu ne, littafi biyu, rasit iri biyu. Kowane ƙarshen wata za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita bayan sallar Jumma'a, a kuma manna shi a bango. An rubuta takardar filin, shaidu sun sa hannu, domin kada magada su yi jayayya bayan ranmu. Za a kuma bi ta hannun Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Ilmi ta Jiha a kowane mataki, don makarantar ta sami rajista da malamai.

Roƙonmu yana ga waɗanda suka yi alkawarin ƙari domin doguwar hasumiya, da tayil na waje, da fitilun ƙawa. Masallacinmu zai yi faɗi, ya yi sanyi, ya yi tsabta, kuma lasifika za ta kai kiran salla inda hasumiya ba ta kai ba. Muna roƙonku, da yardarku ba da tilas ba, ku juya wannan ƙari zuwa asusun makaranta. An bar gurbin ƙarin hasumiya a cikin harsashi, in Allah Ya hore nan gaba sai a ɗora. Hasumiya tana iya jira shekara goma ba abin da ya same ta, amma yaron da ya gama firamare bana, in ya jira shekara goma, ya wuce.

Za a yi aikin mataki-mataki, kuma ba za a fara sabo ba sai an rufe na baya, domin kango ba ya amfanin kowa. Da farko katanga, da rijiya, da kewaye, da aji uku. Sa'an nan aji uku na biyu da ofishin malamai. Daga nan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ɗakin littattafai, waɗanda sai da su makaranta ke cancantar shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC da NECO. Sai kuma ɗakin kwamfuta, domin tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a da kwamfuta ake yinta, bai kuwa kamata ɗanmu ya fara taɓa ta ranar jarrabawa ba.

Ginawa ba ta kai riƙewa wuya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka an zana 'yan shaguna a jikin katangar da ke bakin hanya, su zama waƙafi, kuɗin hayarsu na gyara ne kurum. Kuma kowace shekara kafin saukar ruwa za a yi gayyar yini ɗaya, a duba rufi, a share magudana, a toshe tsaga. Mutanen Jenne a ƙasar Mali, waɗanda babban masallacinsu na ƙasa yake tsaye tun 1907, da irin wannan gayyar yaɓe ta shekara-shekara suke riƙe da shi.

KAMMALAWA

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa in mutum ya kwanta dama aikinsa ya yanke, sai ta hanya uku: sadakar da ke gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Ku duba da kyau, za ku ga wanda ya sa bulo ɗaya a ajin da ke gefen masallaci yana fatan samun ukun duka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai kuɗi ya kawo kuɗi. Manomi ya ware damminsa in kaka ta yi. Mai amalanke ya kawo yashi da dutse. Samari su zo buga bulo, za su kuma fita da sana'a a hannu. Iyayenmu mata, waɗanda tun kafin a yi shela suka fara tara nasu, Allah Ya saka muku da alheri. 'Ya'yanmu da ke Katsina da Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, littafin nan zai iske ku, ku tuna da gida. Magatakardan Kwamiti suna bakin rumfa da littattafan nan biyu, kowa ya faɗi inda yake so a rubuta nasa.

Allah Ya karɓa daga wanda ya ba da fili da duk wanda ya ba da gudummawa, kaɗan ko da yawa. Allah Ya jiƙan magabatanmu. Allah Ya zaunar da ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya lafiya, Ya kawo mana ƙarshen tashin hankali, Ya ba mu damina mai albarka. Allah Ya nuna mana ranar da za mu yi salla a cikin wannan masallaci, muna jin muryar 'ya'yanmu maza da mata suna karatu a gefensa. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Yanzu muna roƙon iyayenmu sarakuna da Malam Liman su taso a aza tubalin farko.